Suna Ko Ƙarfin Aljihu? Yadda Muka Zaɓa Wa 'Yarmu Jami'ar Karatun Likita

Mun ga lokacin neman gurbin karatu ya sake zagayowa, iyaye sai tambayar juna suke yi, shi ne muka ce bari mu ba da labarin abin da ya faru a gidanmu, ko wani zai amfana.

Mu mazauna Sabo ne a nan Ibadan, sana'armu albasa da tumatir. Babbar 'yarmu tun tana firamare ba ta da buri sai zama likita. Duk lokacin da muka wuce ta gaban asibitin koyarwa na UCH, sai ta nuna ginin ta ce, "Baba, nan zan yi aiki." A 2024 ta zana JAMB ta ci maki mai kyau, amma masu neman likitanci a Jami'ar Ibadan suna da yawa, gurbin kuma kaɗan ne. Ba ta samu ba.

Sai hanya ta rabu mana uku. Akwai wata jami'a mai zaman kanta a nan Kudu, mai suna sosai, wadda ta nuna za ta ɗauke ta. Akwai masu ce mana mu fitar da ita waje. Sannan akwai wata jami'ar tarayya a Arewa, wadda jihar asalinmu take cikin yankin da take bai wa fifiko, in har muka sauya zaɓi a JAMB.

Maganar waje ba mu daɗe a kanta ba. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Mun kuma ga yadda yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a Afrilun 2023 suka dawo da ɗalibanmu gida, karatu a tsakiya. Ga shi duk wanda ya karanta likitanci a waje sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa, wato MDCN, kafin a ba shi lasisin aiki a Najeriya.

Jami'ar kuɗin ce ta hana mu barci. Mun je mun gani da idonmu: wuri tsaf, ɗakin kwana mai kyau, babu yajin aiki, kuma daga gida tafiyar awa biyu ce. Gaskiyar da za mu faɗa kuwa ita ce, ba kyan wurin kaɗai ya ja mu ba. Muna so a ce a Sabo, "'Yar wane ai a can take." Har mun fara cinikin filin da muka saya a gida domin tsufanmu, saboda kuɗinsa zai biya shekarar farko har da ragowa.

Kawunta ne ya taka mana birki. Likita ne, yana aiki a Zariya. Da muka gaya masa a waya, sai ya ce, "Yaya, kun lissafa shekara ɗaya. Ina biyar ɗin?" Ya ce mu ɗauko biro da takarda.

Ya warware mana abin dalla-dalla. Karatun likita shekara 6 ne in komai ya tafi daidai. Shekarar farko kimiyya ce zalla, fiziks da kemistiri da bayoloji, kuma sai an tsallake ta ake shiga ainihin karatun. Daga nan a koyi sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki, a zana wata babbar jarrabawa da ke tankaɗe ɗalibai da yawa. Wanda ya faɗi yana iya maimaita aji, maimaici kuwa a jami'ar kuɗi biyan wata shekara ne cif. Sauran shekarun a asibiti ake yin su. Bayan kammalawa akwai shekara ɗaya ta horon aiki, sannan bautar ƙasa. Kuma kuɗin makaranta ba ya tsayawa inda aka fara shi, hawa yake yi.

Da muka jera lissafin sai jikinmu ya yi sanyi. Fili zai tafi a shekarar farko. Ta biyu da ta uku sai mun taɓa jari. Ƙannenta huɗu kuma fa? Mu da muka ga rikicin kasuwar Shasha a 2021, inda mutum ya kwana da rumfa cike da kaya ya wayi gari babu komai, bai kamata mu ɗora shekara shida a kan cinikin da ba mu da tabbacinsa ba. Iya ruwa fidda kai. Babu abin da ya fi ciwo kamar a ciro yarinya daga aji huɗu saboda kuɗi sun ƙare, ba ta zama likita ba, fili kuma ya tafi.

Wata maganar kawun da ta zauna mana ita ce, lasisin da MDCN take bayarwa iri ɗaya ne, ko daga ina ka fito, matuƙar hukumar ta amince da makarantar. Marar lafiya ba ya tambayar likita sunan jami'arsa. Abin da yake gina likita shi ne yawan marasa lafiyar da ya gani ya taɓa a lokacin horo, manyan asibitocin koyarwa na gwamnati kuwa ba sa rabo da jama'a.

Ba za mu ce zaɓin da muka yi ba shi da tsada ba. Jami'ar gwamnati tana da nata. A 2022 yajin aikin ASUU ya cinye wata takwas, kuma ba mu da tabbacin ba za a sake ba. Ga nisa, ga cunkoson ɗakin kwana. Ranar da muka gaya mata shawarar da muka yanke, kuka ta yi, ta ce ƙawayenta za su ce mun gaza. Mahaifiyarta ta ajiye mata takardar lissafin a gabanta, ba mu ɓoye mata ko kwabo ba. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Umma, to su ƙannena da me za su yi karatu?" Ita da kanta ta je aka sauya mata zaɓin.

Ga masu wannan shawara a bana, abin da muka koya ke nan. Ku fara tabbatar da cewa MDCN ta amince da makarantar, ku kuma tambayi adadin ɗaliban da aka yarje mata ta ɗauka, domin makarantar da ta ɗiba fiye da ƙima ɗalibanta ne ke shan wahala a ƙarshe. Ku lissafa shekara bakwai, ba shida ba, da abinci da littattafai da kuɗin mota. Ku binciki bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, da tallafin karatu na jiharku. Wanda Allah ya hore wa, ya kai ɗansa jami'ar kuɗi, babu laifi ko kaɗan. Amma daidai ruwa daidai tsaki.

'Yarmu ta tsallake shekarar farko, alhamdulillahi. Tafiya tana da sauran nisa, muna roƙon addu'arku. Filin yana nan, ƙannenta kuma duk suna makaranta. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka baki ɗaya, amin.