Gawo A Gonakin Ƙasar Gumel

Matafiyin da ya ratsa ƙasar Gumel da rani, tun daga Gagarawa ta kudu har Maigatari a bakin iyakar Jumhuriyar Nijar, abin da zai fi gani shi ne jigawa da karan gero. Daminar wannan ƙasa ba ta cika wuce wata huɗu ba, ƙasar kuwa rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Duk da haka ita ke ciyar da jama'a da gero da dawa da wake, ta kuma ba 'yan kasuwa riɗi da zoɓo.

Da muka bi ta karkarar Sule Tankarkar mun ga gonaki iri biyu. Wata an share ta ƙwal, iskar hunturu tana kwasar ƙasarta. Wata kuwa ga gawo tsaye jefi-jefi, awaki na tsintar 'ya'yansa. Gawo itace ne mai abin al'ajabi cikin halittar Ubangiji. Da damina yake zubar da ganye, saboda haka inuwarsa ba ta danne shuka, ganyen kuma ya zama taki. Da rani sai ya yi kore, dabbobi su huta a gindinsa su bar kashi. Shi ya sa geron gindin gawo yake fin na fili zangarniya.

Maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka sun riƙe wannan da kyau. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman Maraɗi da na Damagaram, musamman wajen Magariya da Matamai, suka daina ƙone tohon kututture lokacin sharar gona. Sai su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, su sassabe sauran, su tsare shi daga dabba da gatari. Suna kiran wannan sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi a hekta miliyan 5. Babu rijiya, babu kuɗin dashe.

Tun 2015 Nijeriya take da hukumar dashen itatuwa don tare hamada, Jihar Jigawa kuma tana cikin jihohi 11 da aikin ya shafa. Amma dashen hukuma yana son ban ruwa da mai gadi, tohon gona kuwa saiwarsa ta riga ta yi nisa.

To, 'yan'uwa, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Ɗan kasuwan da ke zuwa Maigatari ran Alhamis sayen shanu, ya sani 'ya'yan gawo na cikin abin da ya raya su. Ma'aikacin da ya bar gonar gado hannun ɗan ƙodago, ya gargaɗe shi kafin sharar bana kada ya taɓa toho. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.