Ƙoƙon Gwiwa Da Ƙashi Mai Gautsi

Bahaushe ya ba gwiwa babban matsayi a cikin maganarsa. In mutum ya samu mai goya masa baya sai a ce an ƙarfafa masa gwiwa, in zuciyarsa ta karaya a ce gwiwarsa ta yi sanyi, in kuwa roƙo ya kai roƙo sai a durƙusa gwiwa bibbiyu. Amma ɗan ƙashin nan mai kama da murfi da ke gaban gwiwar, wato ƙoƙon gwiwa, ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da ya fashe. Mu da muka shafe shekaru riƙe da alli a makarantun sakandare tsakanin Gwarzo da Kabo mun ga targaɗe da gocewa da karaya iri-iri a filin ƙwallo da wajen langa, mafi yawansu kuwa maɗori ya ɗora sun kama. Akwai dai wata karaya da ba ta bin wannan hanya, ita ce muke so mu tattauna da mai karatu.

Mun taɓa samun wani ɗalibi wanda tun kafin ya shigo aji ɗaya ya karye ya fi sau biyar. A ƙauyensu wasu na cewa iska ce, wasu su ce sammu aka yi wa uwarsa. Abin da mu muka lura da shi shi ne farin idonsa shuɗi-shuɗi ne, ga shi gajere, haƙoransa kuma suna saurin ɓantarewa. Wata rana ya yi tuntuɓe a bakin aji ya faɗi a kan gwiwa, irin faɗuwar da wani yaron zai tashi ya kakkaɓe wando ya wuce. Nan da nan gwiwa ta kumbura. Aka kai shi wurin maɗori, ya ja, ya murza, ya ɗaure da kara. Bayan mako uku kumburi ya saɓe, amma in yaro ya kwanta rigingine ba ya iya ɗaga ƙafar a miƙe ko da taƙi ɗaya.

Kada mai karatu ya zaci mun zo zagin maɗora ne. Sana'a ce ta gado, suna kusa da talaka, kuma ba sa cewa sai an biya kafin a taɓa maras lafiya. Sai dai ƙoƙon gwiwa ba kamar ƙashin ƙwauri ba ne. A cikin jijiya yake zaune, naman cinya na jan sa daga sama, wata jijiyar ta ɗaure shi da ƙwauri daga ƙasa, tamkar icen bakin rijiya da igiyar guga ke bi ta kansa. To, in ya rabe gida biyu a gicciye, sai naman cinya ya janye rabin sama, a bar rata a tsakani. Babu karan da zai haɗa su daga waje. Shi ya sa rashin iya ɗaga ƙafa a miƙe alama ce ta cewa magana ta wuce ɗorin gida. Bugu da ƙari, jan da murzar da ke gyara ƙashin mai lafiya, a jikin irin wannan yaro suna iya haifar da sabuwar karaya.

Da ƙyar muka shawo kan mahaifinsa aka ɗauki hanyar Kano, tafiyar kimanin kilomita 70, zuwa Asibitin Ƙashi na Dala wanda aka kafa tun 1959. A ƙa'ida, in hoton ƙashi ya nuna tsagewa ce kawai ba a samu rata ba, filasta ake sawa daga cinya zuwa idon sawu na mako huɗu zuwa shida. In an samu rata sai tiyata, a haɗa ɓangarorin a ɗaure da waya. A can ne muka ji sunan larurar yaron, ostiyojenesis imfafekta, wadda mu dai muke kira ciwon gautsin ƙashi. Ana haihuwar mutum ɗaya da ita a cikin 15,000 zuwa 20,000. Asalinta tawaya ce a wani sinadari mai suna kolajin, wanda shi ne zaren da ke riƙe ƙashi. Duk wanda ya taɓa ganin an kwaɓa ƙasar gini ba a zuba mata ciyawa ba ya san yadda katangar ke ƙarewa. A 1979 wani likita a Ostareliya, David Sillence, ya kasa ta gida huɗu, daga mai sauƙi wadda mutum zai tsufa da ita har zuwa wadda jariri ba ya rayuwa.

A nan ne likita ke shiga tsaka mai wuya. Wayar da za ta riƙe ƙashin kowa tana iya yanka wannan ƙashi kamar yadda zare ke yanka sabulu, don haka wani lokaci ake komawa ga zaren ɗinki mai ƙarfi. In kuma aka ce a bar ƙafa cikin filasta ta daɗe, ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi ƙara lalacewa yake yi, a cire filasta yau a sake karyewa gobe. Dole a taƙaita ɗaurin, a fara gashi da motsa ƙafa da wuri, a hankali. Akwai magungunan da ke ƙara wa ƙashin kauri. A 1998 Francis Glorieux da abokan aikinsa a Montreal ta ƙasar Kanada suka bayyana amfanin ɗaya daga cikinsu, famidiranet, ga yara. Sauƙi suke kawowa, ba sa raba mutum da larurar.

Akwai wata larurar gadon da ta fi wannan ƙaranci, kusan mutum ɗaya cikin 50,000, wadda ake haihuwar mutum da ɗan mitsitsin ƙoƙon gwiwa ko ma babu shi sam, farcensa kuma, musamman na babban yatsa, a tauye. Gocewa ce ta fi damun waɗannan, kuma ana so a riƙa duba musu ƙoda da ido.

Mun ji masu ɗora laifin duka a kan auren zumunci. Alal haƙiƙa mafi yawan masu gautsin ƙashi daga uwa ko uba ɗaya suke gadonsa, kowane ciki rabi da rabi ne, wani ma a kansa ake farawa. Wasu nau'o'i 'yan kaɗan ne ke buƙatar gado daga ɓangare biyu, su ne auren dangi ke ƙara wa yawa.

Ɗalibin namu ya dawo a zango na gaba da sanduna biyu, daga baya ya ajiye ɗaya. A taron malamai muka tsayar da cewa babu durƙuso gare shi, babu tsallen kwaɗo, babu bulala, babu ɗaukar benci. Da ya matsa lallai sai an ba shi wani aiki a filin wasa, sai aka danƙa masa usur da littafin rubuta sakamako.