Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Galibi a kan yi wannan karin magana ne game da sha'anin mutane, in an ga amini ya sake fuska, ko maƙwabci ya daina sallama. Amma akwai wani dattijo a Zariya wanda ya tarar da gaskiyarta a cikin ruwa na zahiri, a bayan gidansa, kuma bai gane ba sai da ya yi hasarar kifi da kuɗi, har mutuncinsa a unguwa ya kusa taɓuwa.

Dattijon nan tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Shekaru da yawa yana ƙetare Kwara a gadar Jebba, yana ƙetare Binuwai a Makurɗi, har son ruwa ya shiga ransa. Da ya ajiye aiki ya karɓi kuɗin sallama, sai ya kira magina suka haƙa masa ɗan tafki a ƙarshen lambunsa, tsawonsa taku goma, faɗinsa taku shida, zurfinsa ya kai ƙugu, aka shafe shi da siminti. Ya cika shi da ruwan rijiya, ya sayo 'ya'yan karfasa da tarwaɗa wajen wani tsohon masunci ya zuba. A ƙarshen damina aka gama aikin. Duk tsawon hunturu ruwan nan garau ya ke, in ka jefa kwabo kana ganinsa a ƙasa. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa buzu a bakin tafkin, ya cika ƙwarya da dusa yana watsa wa kifi, jikoki sun kewaye shi. Agwagin uwargida su ma suka sami wurin wanka. Kowane baƙo ya zo sai an kai shi ya gani.

Da watan Maris ya kama, zafi ya fara, sai ruwan ya soma sake launi. Da fari ya yi ɗan duhu, daga nan ya koma kore shar kamar miyar kuka, har ba a ganin kifin da ke tafin hannu ɗaya ƙarƙashinsa. A jikin bango kuma wani abu mai santsi ya fito, zare-zare kamar gashi, in ka ɗebo shi ya naɗe maka yatsu. Wannan ita ce gansakuka, wadda duk wanda ya taɓa bi ta bakin kududdufi da bazara ya sani.

Malam ya ga abin ƙazanta ne, maganin ƙazanta kuwa wanki. Ya tara yara, aka kwashe kifin a baho, aka zubar da ruwan kaf, aka kankare bangon da burushi har siminti ya fito fari, sa'an nan aka sake cikawa. Mako biyu bai cika ba, ga kore ya komo, har ya fi na da. Ya sake, ya sake komowa. Ran nan wani a kasuwa ya sayar masa da wani shuɗin gari a ƙulle, ya ce da an barbaɗa shi an gama. Ai kuwa gaskiya ya faɗa, domin kwana biyu gansakukar ta mutu, ta yi fari-fari ta nutse. Malam ya kwana da murna. Da asuba ta uku, ya fito daga masallaci ya leƙa, sai ya ga karfasa sun taso birjik, ciki sama, waɗanda suka rage suna ta buɗe baki a fuskar ruwa. Tarwaɗa kaɗai suka tsira. Kafin azahar wari ya cika unguwa.

Maƙwabta suka kai kuka wajen mai unguwa, suka ce ga ɗoyi, ga sauro, ga yara ana ta kai su asibiti da zazzaɓi. Mai unguwa ya kira shi a keɓe, don ganin girmansa, ya ce, "Malam, ba na son a kai ga masu duba-gari. Na ba ka wata biyu. In ruwan nan bai gyaru ba, sai ka yi haƙuri a cike ramin da ƙasa." Dattijo ya koma gida jiki a sanyaye. Ba kuɗin siminti ne ya fi damunsa ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, shi da ya yi shekaru ana ba da misali da tsabtar gidansa, yau shi a ke kai ƙara kan ƙazanta.

Washegari ya aika aka kira masuncin nan. Tsohon ya zo, bai ko dubi ruwan da kyau ba, sai ya shiga zagaya lambun. Ya dubi kunyoyin alayyafo da tumatir, ya ga duk gangarensu tafkin su ke fuskanta. Ya dubi inda mata ke wanke-wanke, ya bi sawun ruwan da ido. Ya dubi agwagi, ya dubi mangwaron da ke zubar da ganye a ciki, ya ɗaga ƙwaryar dusa ya auna ta a hannu. Sa'an nan ya ce, "Malam, kai kifi ka ke tsammani kana kiwo, ashe gansakuka ka ke turka. Duk dabbar da a ke ba abinci haka, ai dole ta yi ƙiba."

Abin da masunci ya faɗa a dunƙule, shi ne masana suka warware dalla-dalla. Gansakuka tsiro ce ƙanƙanuwa, ba ta da saiwa, ba ta da ganye, kuma irinta yana ko'ina, cikin ƙura, da ƙafar tsuntsu, da jikin guga. Ba mai iya hana ta shiga ruwa. Abu uku ta ke bukata ta yaɗu: hasken rana, da ɗumi, da abinci. Abincinta kuwa shi ne na kowane tsiro. Duk manomi ya san haruffan nan uku, N da P da K, da a ke rubutawa a jikin buhun takin zamani. Biyun farko, watau naitirojin da fosforas, su ne tuwo da miyar gansakuka. Suna cikin takin da ban-ruwa ke wankowa daga kunyoyi, suna cikin kashin agwagwa da na kifi, da dusar da ta nutse ba a ci ba, da ruɓaɓɓen ganye, da ruwan wanke-wanke. Har hazon hunturu yana kawo nasa rabo, gama yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele ta ke tasowa, can arewacin Cadi, inda wani babban tafki ya ƙafe tun dubban shekaru, kuma a cikinta akwai ɓawon ƙananan tsire-tsiren ruwa na wancan zamani, da fosforas. Duk hunturu abincin yana taruwa a tafkin Malam, sanyi ne kawai ya hana a ci. Da zafi ya zo, sai aka buɗe akushi.

Mutuwar kifin ma tana da dalili. Kifi yana shaƙar iskar da ke narke cikin ruwa, wadda a ke kira oksijin, ruwan ɗumi kuwa bai riƙe ta kamar ruwan sanyi. Da rana gansakuka tana ƙara wa ruwa iskar nan, da dare kuma tana shanye ta, shi ya sa asuba ce lokacin da kifi ya fi wahala. In an kashe gansakuka gaba ɗaya da guba, sai ta ruɓe gaba ɗaya, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita su ƙarasa sauran iskar. Tarwaɗa ta tsira ne don Allah ya yi mata wata kafa a cikin kai wadda ta ke shaƙar iskar sarari da ita. Kankare bango kuma ya ƙara ɓata al'amari, domin a jikin bangon ne ƙananan halittun da ke tace dattin kifi su ke zaune. Duk wanki ɗaya sai an kore su, an bar wa gansakuka fili ita kaɗai.

Jikarsa da ke karatun ilmin halittu a jami'a ita ta yi masa wannan bayani da ta zo hutun mako. Ta ce, "Tsoho, ka ga sakamakon yin abu ba ka shawarci amaryarka ba." Ya ce, "Amaryar da ba ta iya tuƙa tuwo ba, wa zai tambaye ta maganin ruwa?" Aka yi dariya. Amma ta ja masa kunne kan abu guda. Ta ce akwai wata iri mai shuɗi-shuɗi, wadda kan kwanta bisa ruwa kamar an zubar da fenti, wani jinsinta yana da dafi. A shekarar 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a ƙasar Botswana, gwamnatin ƙasar ta ce irin wannan dafi ne sanadi. In ya ga alamarta, kada a bar yaro ko akuya su kusanci ruwan. Ta kuma gaya masa ba dukan dangin ne abin ƙi ba, gama a Kanem, arewa maso gabashin Tafkin Cadi, matan Kanembu suna tace wata iri daga tafkunan kanwa, su shanya ta bisa yashi, a yanka gutsure-gutsure a sa a miya. Sunanta dihe.

To, daga nan Malam ya kama aiki, aikin kuwa yawancinsa hanawa ne. Ya sa aka ɗaga bakin tafkin da jeri ɗaya na bulo, aka yanka 'yar magudana ta kewaye shi, ruwan lambu da na wanke-wanke suka bi ta gefe. Aka yi wa agwagi nasu baho, bayan doguwar muhawara da uwargida. Aka sassabe reshen mangwaron da ke bisa ruwa, aka kafa rumfar zana ta yamma don tare ranar la'asar. Ƙwaryar dusa ta koma tafi ɗaya, abin da kifi za su cinye cikin minti 5. Wannan ne ya fi yi masa wuya, don ya saba ganin yawan bayarwa shi ne kula. Kowace safiya yana sa sanda mai ƙaho ya murɗa zaren gansakuka, kamar mai kaɗa miya, ya tsame ya kai gindin lemo. Kowane mako kuma yana ɗiban kashi ɗaya cikin biyar na ruwan, daga ƙasa inda laka ta kwanta, ya shayar da kunyoyi, ya mayar da sabo. Alayyafo ya yi kyan da bai taɓa yi ba.

Sa'an nan aka kawo wa gansakuka kishiyoyi. Masunci ya zo da saiwar bado da 'yar kainuwa. Ba a saka su nan take ba, sai da aka wanke su sarai, aka ajiye su a baho kwana da kwanaki ana dubawa, don ƙananan dodon koɗi na ruwa su ne ke ɗauke da cutar tsargiya, kuma a jikin irin waɗannan tsire-tsire su ke liƙewa. Aka dasa badon cikin tsofaffin tukwane, aka rufe ƙasar da tsakuwa, aka nutsar. Ganyensa ya yi ta buɗewa har ya rufe rabin fuskar ruwa, ya hana rana isa ƙasa. Kainuwa kuwa, dashen Allah, saiwarta a cikin ruwa ta ke lilo, tana tsotse abincin da gansakuka ke rayuwa da shi. Amma ita ma ba a sakar mata linzami, don in ta rufe ruwa duka sai ta shaƙe kifi, kuma akwai wani irin sauro da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta. Malam ya killace ta a kusurwa ɗaya da zoben gora, duk Asabar ya kwashe rabi ya kai juji. Jikarsa ta hana a zubar da ita a rafi, ta tuna masa yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Daga bisani ya zuba sababbin 'ya'yan karfasa, kaɗan ba kamar da ba, su kuwa suna kiwon gansakuka a jikin bango, suna tsince tsutsar sauro.

Mako na farko ba a ga kome ba, haka na biyu. A na uku har ya ɗauko ragowar shuɗin garin nan ya juya shi a hannu, sa'an nan ya mayar. Cikin mako na biyar, wata safiya, ya hangi bakin tukunyar bado a ƙarƙashin ruwa. Ran da wa'adi ya cika mai unguwa ya zo da dattawa biyu. Suka tsaya suna kallon farin furen bado, ɗaya ya ɗebi ruwan a tafi ya sansana, ya duba bai ga tsutsa ba. Mai unguwa ya ce, "Malam, a bar shi. Allah ya sa albarka."

Ruwan bai koma garau irin na farko ba, Malam kuma ya daina neman haka. Yana da ɗan kore kaɗan, bangon yana da santsinsa, masunci ya ce haka ruwa mai rai ya ke. Da bazara ta zagayo gansakuka ta sake tasowa, amma kwana goma ta yi ta lafa da kanta. Yanzu in ya ga launin ruwan ya fara sakewa, ba ya tambayar abin da zai zuba. Ya kan ɗauki sandarsa ya zagaya lambu, ya duba magudana, ya duba bahon agwagi, ya tambayi jikoki ko wani ya jefa wa kifi ragowar tuwo. Galibi kuwa a kan sami wanda ya sunkuyar da kai.