Burushin Sule Ɗaya da Askin Jiya a Salka

Duk wanda ya yi wayo a Salka kafin kilifar lantarki ta shigo, ya san safiyar Juma'a tana da ƙamshinta na daban. Ƙamshin sabulu ne da ruwan ɗumi, ya gauraya da hayaƙin murhu, sai ɗan turaren Bintu Sudan da dattawa ke ɗigawa a wuyan riga in an kammala. Tana da sautinta kuma: ƙarar aska a kan dutsen washi, da tarin tsofaffi, da gaisuwar da ba ta ƙarewa. Tun hantsi bai ɗaga ba za ka ga wanzami rataye da zabira yana bin zaure-zaure, ba mai kiransa, shi ya san gidajensa, ya san ranar da sumar kowa ke isa aski.

Wanzaman wancan lokaci ba su san burushi ba da farko. Tafin hannu shi ne burushinsu. Wanzami zai zaunar da kai a tabarma, ya ɗebo ruwa a 'yar ƙwarya, ya yi ta murza kai har gashi ya yi laushi, wani lokaci da ɗan sabulun salo, wani lokaci ruwan zalla. Sannan ya gwada bakin aska a gashin hannunsa, ya yi bisimilla. Mu yara mun fi kowa sanin gaskiyar karin maganar nan da ke cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, domin a nan ne ido ke kawo ruwa, wanzami na cewa, "Haba namiji, saura kaɗan." Shi ne dai ya yi maka askin suna ran bakwai, shi ya yi maka kaciya lokacin sanyi, shi ke kafa wa mahaifinka ƙaho in jiki ya yi nauyi. Ba a ciniki da shi. A ba shi kwabo ko taro, in kaka ta yi a kai masa damin dawa, ran suna kuma yana da nasa kason a ragon. Hausawan gari da Kambarin ƙauyuka duk a gabansa suke sunkuyar da kai ranar kasuwa, a inuwa ɗaya.

Burushin aski baƙo ne, kuma mun san waɗanda suka rako shi. Na farko su ne mazan jiya da suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945, waɗanda soja ya saba musu da gyaran fuska kowace safiya. Sai malaman makaranta da ma'aikatan En'e ta Kontagora masu zuwa rangadi. Da aka fara aikin madatsar Kainji a 1964, samarinmu da na Auna da Ibeto da Nasko suka tafi neman kuɗi, kafin a gama aikin a 1968 da yawansu sun dawo da rediyo da agogo da 'yar jakar kayan aski. Sojojin da suka dawo bayan yaƙin basasa a 1970 suka ƙarasa yaɗa shi. Sannu a hankali har wasu wanzamai suka sa shi a zabira, domin masu son a gyara musu saje da gefen gemu irin na 'yan boko.

Burushin iri biyu ne a saninmu. Akwai na manya, wanda sai a kantuna irin su Kingsway na Kano ko Legas, an yi shi da gashin wata dabbar daji 'yar uwar dage, mai laushi, mai mariƙi mai sheƙi. Wannan labarinsa muka fi ji. Namu shi ne na teburin 'yan koli, wanda ke zaune tsakanin allura da zare da madubin aljihu da ashana, kusa da rezar Nacet mai hoton kada da ta Tiger. Mariƙinsa katako ne mai jan fenti ko baƙi, gashinsa fari-fari ne mai tauri. Sule ɗaya na tuna ana sayar da shi. Da aka canja kuɗi zuwa naira a farkon 1973, sule ya koma kwabo goma, tsofaffi suka daɗe suna lissafi da yatsu a gaban ɗan koli, suna zargin sabon kuɗin da cinye musu kwabo biyu.

Sayensa ma sai da ilimi. Kawuna, wanda ya yi aikin Kainji, ba ya taɓa ɗaukar na sama. Sai ya zazzage su duka a faifai, ya ɗauki ɗaya ya ja gashin a hankali da yatsu biyu. In silin gashi ya biyo hannunsa, ya ajiye. Ya buɗa tsakiya ya leƙa gindin, ya ga ko danƙon ya kama sosai. Ya jujjuya mariƙin ko da tsaga. Ya goga a bayan hannunsa, ya shinshina. Ɗan koli ya ce, "Alhaji, duk kamfani ɗaya ne fa." Kawu ya ce, "'Ya'yan mutum ɗaya ma halinsu ba ɗaya ba ne, ɗana." A ƙarshe ya biya sulensa, ya nemi gyaran reza ɗaya, a yi dariya a ba shi.

Sabon burushi mai araha ba ya da daɗi a makon farko, wannan kowa ya sani. Yana da ɗan wari, yana kuma sukar fuska. Masu gaggawa a nan suke yar da shi su ce kayan banza ne. Masu haƙuri kuwa sai su wanke shi da sabulu, su jiƙa shi a ruwan ɗumi kafin kowane aski. Bayan 'yan makonni bakin kowane sili sai ya tsage gida biyu ko uku, saman ya yi laushi, gindin kuma ya riƙe ƙarfinsa. Daga nan burushi ya nuna. Wannan ƙarfin gindin shi ne amfaninsa ga irin gashinmu mai kauri mai murɗewa, domin yana shiga ƙarƙashinsa ya tayar da shi tsaye, reza ta same shi a miƙe ta yanke sau ɗaya. Shi ya sa masu amfani da shi ba su cika fama da ƙurajen aski ba.

Ina son in kwatanta wa 'yan baya yadda Kawu ke haɗa kumfa, domin abin kallo ne. Yana da wani tsohon kofin tangaran mai ɓallen baki, a cikinsa yake tara guntayen sabulu, na Lux da na Sunlight da duk abin da ya yi ƙanƙantar da ba a iya riƙewa a wanka. Zai jingina madubi a jikin randa, ya tsoma burushi a ruwan ɗumi, ya yarfe sau ɗaya, ya shiga juya shi a cikin kofin. Da farko ka ji ƙwas-ƙwas, can sai sautin ya mutu, kumfa ta taso fara fat, mai kauri kamar ta nonon da aka tatso yanzu. Ya shafa a kumatu yana kewayawa, ba ya sauri, ya bar ta ta ɗan jima tana jiƙa gashin yana sauraren labaran safe na Rediyon Kaduna. Sannan ya ɗaura reza a mariƙinta na ƙarfe, ya bi kwanciyar gashi, ba ya yi mata gardama. In ya gama ya wanke da ruwan sanyi, ya goga alimun a inda ya ɗan yanke, ya shafa mantaleta ko man kaɗe in hunturu ne. Mu kuma muna tsugune muna jiran ya ɗiga mana sauran kumfar a haɓa, mu ruga cikin gida mu ce wa Inna mun yi gemu.

Akwai shekarar da magana ta tashi a zaure cewa da gashin alade ake yin irin wannan burushi. Gaskiya ne kuwa, da yawa daga masu araha na wancan zamani da shi ake yi, wasu da gashin doki. Hankalin mutane ya tashi, aka kai maganar gaban malamai. Wani malami ya bayyana cewa a fiƙihun Malikiyya gashin da aka sausaye daga dabba ba najasa ba ne, amma ya ƙara da cewa wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari. Da yawa suka bari, suka koma neman na roba. A lokacin ne muka koyi gwajin ashana: a tsinke sili ɗaya a kusanta shi da wuta. In na dabba ne sai ya yi ƙauri ya zama toka, in na roba ne sai ya narke ya dunƙule. 'Yan koli suka sha asarar ashana a wannan shekara. Na robar farko-farko ba su riƙe ruwa sosai, sai kumfa ta yi ta zuba a gwiwar hannu, amma sun kwantar wa mutane da rai, kwanciyar rai kuwa ba ta da farashi.

Abin da ya fi tsaya mini a zuciya shi ne yadda ake riƙon kaya. Burushin sule ɗaya sai ya shekara da shekaru a hannun mutum ɗaya. Ba a tsoma shi a tafasasshen ruwa, don kada danƙon gindi ya saki. In an gama a ɗauraye shi tas, a yarfe, a rataye shi da zare kansa a ƙasa a inda iska ke shiga. In mariƙi ya tsage a naɗe shi da zaren lilo ko 'yar waya. Reza ma ba a yar da ita da wuri. In ta dakushe a goga ta a cikin kofin gilashi ta ƙara kwana biyu, daga nan ta koma hannun 'yan makaranta su feƙe fensir, ko hannun tela ya farke ɗinki. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma sau da yawa haka ne. Amma na ga dattawan da suka fita masallacin Juma'a fes, fuska na sheƙi, da adon da burushin 'yan koli da guntun sabulu suka yi musu.

Sai zamani ya juya. Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya zo darajar naira ta faɗi, kayan waje suka yi tsada, masu kyau suka ragu a tebur. A shekarar ce kuma aka fara ba da rahoton cutar ƙanjamau a Nijeriya, daga baya aka shiga wayar da kai cewa kowa ya riƙe rezarsa, kada a haɗa aska. Wannan gyara ne mai kyau, ya ceci rayuka, wanzamai masu hankali ma suka karɓe shi, suka koma sa sabuwar reza ga kowane kai. Sannan shagunan aski suka buɗe, da kilifa da janareta da manyan madubai da hotunan 'yan ƙwallo. Yanzu saurayi zai shiga ya fito cikin ɗan lokaci, idonsa na kan waya, wataƙila bai san sunan mai askin ba. Ba laifinsa ba ne, haka ya tarar. Abin da nake kewa shi ne zaman: a tabarmar wanzami ake jin wanda ya haihu da wanda ba shi da lafiya, da farashin dawa a kasuwa, da inda ruwa ya sauka jiya. A nan yaro ke koyon gaida manya da riƙe hawaye.

Har yau ana samun burushin aski a manyan kasuwanni, kuma na robar yanzu sun fi na da nesa ba kusa ba: suna da laushi tun ranar farko, suna bushewa da wuri, ba su wari, ba kuma shakkar gashin wata dabba. Wanda ke fama da ƙurajen aski, shawarata gare shi ya nemi mai araha ɗaya, ya duba gindinsa da kyau kafin ya biya, ya tanadi ruwan ɗumi da sabulu da rezarsa shi kaɗai, ya ba fuskarsa lokaci. Ku kuma samarin Salka da kewaye, in har akwai tsohon wanzamin gidanku da ransa, ku je ku gaishe shi, ku riƙa masa ɗan abin goro, domin shi ya fara taɓa kanku da aska kuna 'yan kwana bakwai. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu da rahama.