Ciwon da ya hana yayana tilawa

Bara cikin hunturu mura ta kama yayana, yana da shekara 15. Tari, zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, irin wadda kowa ke yi a Maradi in ƙura ta taso. Ba wanda ya damu. Shi ma hankalinsa na kan musabaƙar da za a yi, don yana cikin waɗanda Malam ya zaɓa.

Bayan kamar mako guda, murar ta lafa, sai wani abu ya fito. Leɓɓansa suka kumbura, suka tsage, suka yi baƙin ɓawo mai jini. Cikin bakinsa duk gyambo. Da safe idanunsa a manne suke da kwantsa, sai Inna ta jiƙa tsumma ta buɗe masa. Ko kunu bai iya haɗiyewa, yawu ma sai dai ya zuba. Daga baya ya faɗa mini har fitsari yana masa zafi, kunya ce ta hana shi gaya wa Inna. Abin mamaki, fatar jikinsa ƙuraje kaɗan ne, a hannu da ƙafa.

Kaka ta ce ƙyanda ce, a bar shi ɗaki kar ya sha iska. Wata maƙwabciya ta ce ai wannan baki ne, saboda muryarsa. Kwana biyu ana wannan gardama, shi kuwa bai ci bai sha ba. Wallahi har yanzu in na tuna kwana biyun nan raina ɓaci yake.

Da Baba ya kai shi asibiti, tambayar farko da likita ya yi ita ce: "Wane magani ya sha?" Wai akwai ƙwayoyi, kamar Bactrim da Fansidar, da kan jawo wa wasu irin wannan, har fata ta saɓule kamar ƙuna. Yayana kuwa bai sha komai ba sai shayi da lemun tsami. Likita ya ce nasa daga murar ne: sojojin jiki sun tashi yaƙi da ƙwayar cutar, sai suka wuce gona da iri suka afka wa baki da ido. Ya ce an fi ganinsa ga yara da matasa, kuma yana iya dawowa in an sake wata murar.

An sa masa ƙarin ruwa, ana ɗiga masa magani a ido dare da rana, don idon ne likita ya fi jin tsoro, in ya yi tabo gani na iya raguwa. Ni nake zama kusa da shi bayan la'asar ina karanta masa inda ya tsaya. In na yi kuskure sai ya buga gefen gado da yatsa. Ranar da ya gyara mini da baki, "Maimaita, ƙanwata, kin ci madda," Inna kuka ta yi.

Musabaƙa ta wuce shi. Bana ya sake ba da sunansa.