Ƴan tamolar Japan da Canal+ ba ta nunawa

In aka ce a fada a lissafa ƴan ƙwallon Japan, sunaye huɗu ko biyar ne za su fito: Mitoma, Kubo, Endo, Minamino, sai mai dogon tunani ya ƙara da Honda ko Kagawa. Su muke gani a akwatin talabijin ran Asabar da Lahadi. Mun kuma riƙe su a rai tun 2018, lokacin da suka fitar da Senegal daga kofin duniya ba don sun fi ta maki ko ƙwallaye ba, sai don ta fi su katin gargaɗi. Wannan ciwon bai warke ba har yau a wasu fadodin.

Amma akwai wata rundunar ta ƴan Japan da ba a haska ta. Suna Montenegro, suna Estoniya, suna Tailan da Kambodiya da Indiya, wasu ma sun iso nan Afirka. Su muke son mu yi magana a kai, saboda labarinsu ya fi kama da na yaranmu fiye da labarin Mitoma.

Mu fara da Kohei Kato. Ya je Arjantina ya yi fama a ƙaramin rukuni, ya koma gida ya buga wa Machida Zelvia, abin bai ɗore ba. A 2013 sai ya kama hanyar Montenegro, ƙasar da duka mutanenta ba su kai na birnin Yamai ba, ya shiga kulob ɗin Rudar na garin Pljevlja, garin masu haƙar gawayi a can cikin duwatsu. Da shi suka ɗauki shampiyonar ƙasar a 2015. Daga nan Folan, daga nan Beroe ta Bulgariya. A watan Mayun 2017 Vahid Halilhodzic, wanda muka sani da Côte d'Ivoire da Aljeriya, yana horar da Japan a lokacin, ya karanto sunansa cikin ƴan wasan ƙasa. Ƴan jaridar Japan da kansu suka shiga tambayar juna wane ne wannan. Bai samu buga ko minti ɗaya ba a rigar ƙasar, kuma ba a sake kiransa ba. Wani zai ce to ina ribar? Mu dai a ganinmu, mutumin da gida ta sallama, ya bi ta garin gawayi har sunansa ya dawo Tokyo a takardar kocin ƙasa, bai yi tafiyar banza ba.

Akwai kuma Dan Ito. (A'a, ba ɗan Ito ba ne kamar yadda muke cewa Ɗan Kasawa, sunansa ke nan na yanka.) Shi bayan ya bar kulob ɗin Sendai, ya fara da Singafo a 2001, sai ya ɗora wa kansa wata doka: kowace shekara sabuwar ƙasa. Vietnam, Hong Kong, Tailan, Maleziya, Brunei, Maldib, Indiya, Nepal, Mongoliya, Butan, ya zagaya ƙasashe da yankuna fiye da 20 na Asiya da takalminsa a jaka, sau da yawa shi ke neman kulob da kansa, shi ke cinikin albashinsa. Ɗan ci-rani ne sak, sai dai hajarsa a ƙafa take.

Katsumi Yusa ya zama ɗan gida a Kolkata, ya ci shampiyonar Indiya da Mohun Bagan a 2015. Hidetoshi Wakui ya ci ta Estoniya da Nõmme Kalju a 2012. Ba za mu tsaya kan kowa ba.

Me ke fitar da su daga ƙasa mai arziki irin Japan? Ba yunwa ba ce, cunkoso ne. Tun da aka kafa J.League a 1993 ƙwallo ta shiga makarantu sosai. Dubban lise ne ke shiga gasar ƙasa kowace shekara, ana buga wasan ƙarshe a Tokyo a watan Janairu gaban cikakken fili, ga kuma gasar jami'o'i wadda Mitoma kansa ya fito daga cikinta, daga jami'ar Tsukuba. Amma kulob na ƙwararru 60 ne kacal a rukuni uku, kuma a rukuni na ukun akwai waɗanda sai sun haɗa da wani aiki kafin su ci abinci. Ke nan duk shekara ana yaye matasa masu horo na gaske waɗanda babu wurin sa su. Sai ga wata ƙofa ta buɗe: daga 2009 hukumar ƙwallon Asiya ta ba kulob damar ƙara baƙo ɗaya a kan ukun da aka saba, muddin ɗan Asiya ne, ƙasashe da yawa suka kwaikwayi tsarin a gasanninsu. Wannan gurbi ɗaya ya ciyar da ƴan Japan masu yawa a Tailan da maƙwabtanta.

Kuma ba su bar abin ga sa'a kawai ba, nan ne muke son a saurara da kyau. Kulob ɗin Albirex Niigata ya buɗe reshe a Singafo tun 2004, ya riƙa kai matasan Japan su buga gasar can, har ya ɗauki kofin sau shida tsakanin 2016 da 2023. A 2017 kamfanin DMM na Japan ya sayi Sint-Truiden, wani matsakaicin kulob a Beljik. Ta nan Tomiyasu ya bi kafin Bologna da Arsenal, ta nan Endo ya bi kafin Stuttgart da Liverpool. Wato sun gina gada da kuɗɗinsu, yaro ya san inda zai sauka, ya san wanda zai tarbe shi.

Na Afirka kuwa, labarin Kosuke Nakamachi ya fi ba mu mamaki. Mutum ne da ya yi shekara bakwai a Yokohama F. Marinos, ɗaya daga manyan kulob na ƙasar, ya bar wannan duka a 2019 ya tafi Zambiya ya sa hannu da ZESCO United ta Ndola, kulob ɗin kamfanin lantarki, kamar a ce AS Nigelec a nan wajenmu. Dama yana da ƙungiyar da ke aika ƙwallaye ga yaran Afirka, sai ya ga ya fi kyau ya zo da kansa. A Gana ma Jindo Morishita ya sa rigar Ebusua Dwarfs ta Cape Coast a 2021. Yaranmu na neman hanyar fita, su suna neman hanyar shigowa!

Kada a ɗauka tafiyar daɗi ce zalla. Takuma Asano, wanda ya ci Jamus ƙwallon nasara a Katar a 2022, shekara ɗaya da rabi kafin nan ya tattara kayansa ya bar Partizan ta Sabiya yana cewa ba a biyansa albashi, kulob ɗin kuma ya musanta, aka yi ta shari'a. To wannan ɗan wasan ƙasa ne mai lauyoyi. Ina ga wanda ke rukuni na biyu a wata ƙasar da bai iya harshenta ba, kwangilarsa ta wata shida, in ya ji rauni a gwiwa shi ke nan?

Sai dai akwai abu biyu da ɗan Japan ke fita da su waɗanda ɗan Maradi ko Damagaram ko Tawa ba shi da su, kuma ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya. Na farko fasfo. Shi yana shiga ƙasashen Schengen ya yi kwana 90 ba biza, ya yi gwaji a kulob uku ko huɗu, in ba a ɗauke shi ba ya hau jirgi ya koma. Namu kafin ya taka filin gwaji sai ya samu takardar gayyata, sai ya samu biza, kuma a daidai wannan ramin ne dillalan ƙarya ke zaune, suna karɓar miliyoyin sefa daga hannun iyaye da suka saida gona ko shanu. Na biyu takardar makaranta. Nakamachi ya gama jami'ar Keio, Morishita ya fito daga Tsukuba. In ƙwallo ta ƙi, akwai aikin da ke jiransu a gida. Namu da yawa tun daga kwalej suke ajiye biro saboda tamola.

Don haka in wani ya zo gidanku da waya cike da hotunan filayen Turai yana cewa zai fitar da yaro, ku tambaye shi lasisinsa na FIFA, ku nemi ganin wasiƙar kulob ɗin da sunan yaron a ciki, ku kai ta FENIFOOT a duba. Ku kuma sani dokar FIFA ta hana kai yaro ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo, sai a wasu ƴan sharuɗɗa ƙalilan. Kulob na gaskiya da ke son ɗan wasa ba ya cewa uba ya fara biya.

Ba mu ce kar a fita ba. Musa Maazu daga AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljik, ƙaramar ƙofa ce ita ma, daga can CSKA Mosko ta saye shi. Abin da ya rage mana shi ne gadar. Ƴan kasuwarmu da ke da hulɗa da Dubai da Turkiyya da Sin, da shugabannin kulob ɗinmu, ko akwai wanda ya taɓa zama da wani kulob na rukuni na biyu a Beljik ko Maroko don a ƙulla yarjejeniya a rubuce, yaro biyu duk shekara, da masauki da albashi sananne? In akwai, layinmu a buɗe yake ran shirin wasanni, muna son jin ta bakinsa.