Gogen Ɗan Koyo

Saurayin da ya tashi a Rano ko Kibiya yana sha'awar goge, da wuya ya tarar da shi rataye a kanti. Sai dai ya nemi mai haɗawa, ya faɗa masa ƙarfin aljihunsa. Kayan ma ba su da yawa: ƙwarya, fatar guza da aka ɗame a bakinta, sanda, sai gashin wutsiyar doki da ake shafa wa ƙaro. A ganina mai sauƙin kuɗi ya fi dacewa da ɗan koyo, ko ma kukuma, wadda ta fi ƙanƙanta. Za a ce araha ba ta ado, kuma mugun amo yakan ɓata kunnen yaro tun da wuri. Da gaskiya a nan, shi ya sa ake duba ƙwaryar kada a samu tsaga, a ƙwanƙwasa fatar a saurara. Amma tsirkiyar ɗaya ce tal, babu alamar inda yatsa zai sauka, kuma a watannin farko ƙara kawai za ta yi, ko da gogen gwanin makaɗi Garba Liyo aka miƙa wa ɗan koyon. Damina kuwa ba ta tambayar farashi. Laima na sassauta fatar kowane goge, sai an ɗan gasa ta kafin a fara kiɗa.